Yadda Kwamfutata Ta Kashe Shugabanmu Yana Cin Goro

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsaya gaban dattawan ƙungiyarmu ta mahauta da dillalan shanu a Abakpa Nike ba. Na ɗan koyi haɗa shafin intanet a wani shago a nan Inugu, na kuma cika unguwa da baki har ana ce mini Injiniya (ni da ko wata uku ban yi a ajin ba).

Da aka ce ana son shafin da za a adana bayanan 'yan ƙungiya, na bugi ƙirji. A cikinsa na sa ɗan akwatin nan da in ka taɓa sai zaɓuɓɓuka su zubo ƙasa. Zaɓi biyu ne: Mazauni, da Ya Koma Arewa. Kowane zaɓi yana da sunan da ido ke gani, da kuma ɓoyayyen suna wanda kwamfuta kaɗai ke aiki da shi. Saboda ragwanci na ba Mazauni harafin M, ɗayan kuma K. Na rubuta 'yan layukan umarni da JavaScript, yaren kwamfuta, ta yadda da an buɗe sunan mutum, shafin zai nemo ɓoyayyen sunan ya zaɓa da kansa. Na gwada, ya yi daidai.

Da safen taron da zan nuna shafin, sakatarenmu ya kira ni. "Injiniya, ka ƙara Marigayi, saboda iyalan da muke tallafa wa." Ina kan okada na ce an gama. Ina isa na ƙara shi a saman jerin, na ba shi harafinsa, na rufe.

Aka haska majigi a bango. Shugabanmu Alhaji Ɗanladi na zaune a gaba yana cin goro, na ce bari in fara da shi don girmamawa. Hotonsa ya fito, sunansa ya fito, a ƙasa kuma: Marigayi.

Alhaji ya daina tauna.

"Yaro, karanta mini, idona ba ƙarfi."

"Ranka ya daɗe, network ne," na ce (har yau ban san me ya kawo network cikin maganar ba).

Na sake buɗewa, Marigayi. Na zaɓi Mazauni da hannuna, na sabunta shafin, Alhaji ya sake rasuwa. Cikin ruɗewa na ce bari in nuna musu sauran lafiya suke, sai na buɗe Liman. Marigayi. Ma'aji, marigayi. Na buɗe wani da ya koma Katsina tun bara, shi kam garau. Nan kaina ya ƙara kwancewa: na nesa na raye, waɗanda ke gabana suna numfashi duk sun tafi. Na kashe laftof na kunna, har hura ramin caja na yi.

Inyamurin da muka yi hayar majiginsa ya matso ya raɗa mini, "Oga, abeg no open my name o."

Alhaji ya ce, "To buɗe naka mu gani."

Na buɗe. Ni ma na riga mu gidan gaskiya.

"Alhamdulillahi," in ji shi, "tunda tare muka tafi, ba mai bin wani ba'asi." Aka fashe da dariya, Liman har da share hawaye yana tambayar wa zai sallace mu.

Sai a hanyar gida, cikin keke Napep, abin ya faɗo mini. Marigayi M, Mazauni M. Ita kuwa kwamfuta in ka ce ta kawo M, wanda ta fara cin karo da shi take miƙo maka, ba ruwanta da mai rai ko matacce. Gyaran bai fi canza harafi ɗaya ba.

Shafin yana aiki har yau, amma duk inda Alhaji ya gan ni a kwata sai ya ɗaga murya ya ce, "Mala'ika, yau wa ke kan layi?" Tun daga ranar, in zan gwada sabon abu a gaban jama'a, da sunan wanda ba ya wurin nake farawa.