Wandon Tsinke Mai Lamba Talatin da Huɗu

"…Lafiya ƙalau, sai godiyar Allah. Ƙafar ma da sauƙi. Kai kuma shigo a karkace, kada ka tafi min da ƙyauren ɗaki."

"Ɗakin naki ne ya motse, tsohuwa. Komai naki ya motse, har ƙofar."

Kaka ko ɗaga ƙafa ba ta yi daga kan keken ɗinki ba. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan tana ɗinki a wannan ɗan ɗakin na bakin ƙofar gida, tsakanin tarin ƙyallaye da gwangwanin maɓallai da wata tsohuwar fanka mai juyawa in ta ga dama. Wanda ya tare mata haske kuwa jikanta ne, ɗan ɗanta, direban bas ɗin ma'aikata a wani kamfani. Ita ta raine shi, ita ke dafa masa har gobe, ita kuma ta laƙa masa suna Tsinke, don bakwaini aka haife shi, ba ka ganin komai cikin zani sai idanu. Sunan bai sake shi ba har yau da benci ke ƙara in ya zauna. Ai kuwa ya zauna, bencin ya yi ƙarar.

"Yi haƙuri, bawan Allah," in ji Kaka, tana duban bencin.

"Bar wasa. Shaida na zo ki ba ni."

"In ta aure ce na fasa. Ba zan iya da mijin da sai da shebur ake zuba masa abinci ba."

"Wa zai kwashi mai haƙori uku? Ke dai saurara."

Ya zube mata takardu a kan keken. Ɗaya ta likita, ɗaya fom, sai wata mai sheƙi da hoton wani mutum ya ja bakin wando yana dariya kamar an yi masa albishir. Likitan kamfani ne ya duba direbobi a makon jiya. Ya ce jinin Tsinke ya hau, nauyi ya wuce misali, kuma ba za a ci gaba da danƙa rayukan mutum arba'in a hannun wanda zai iya kifewa a kan sitiyari ba. Wata uku aka ba shi. In abin bai sauka ba, ya ajiye makulli. Likitan ne ya tura shi wani kulob na masu rage ƙiba da ke saman kantin magani, yau da safe kuma ya je.

"To, sun karɓe ka, ko sun ce wurin ya yi kaɗan?"

"'Yan damfara ne! Suka ɗora ni a kan sikeli a gaban jama'a, ya rubuta kilo ɗari da ashirin da ɗaya."

"Da bas ɗin ka hau?"

"Ni kaɗai, ko takalmi babu. Wannan ma na ƙyale. Sai wata malama mai farar riga, siririya kamar ba a girki a gidansu, ta zagaye min ƙugu da tef, wai inci arba'in da shida. Ni! Na ce malama, ji tsoron Allah. Shekara tara ina sa talatin da huɗu. Na juya mata baya na nuna mata lambar wandona, kowa ya gani. Na ce kakata tela ce tun kafin a haife ki, ita ke auna ni, tef ɗinku na jabu ne. In tef ya yi ƙarya, sikeli ma ƙarya yake, likitan ma bakinku ɗaya. Yanzu auna ni za ki yi ki rubuta ki sa hannu, in kai wa manaja. Kulob kuwa ni da shi har abada."

Ƙafar Kaka ta tsaya, keken ya yi tsit. Ita kaɗai a duniya ta san tef ɗin malamar nan bai yi ƙarya ko ta zare ɗaya ba. Shekara tara ke nan, duk sanda Tsinke ya kawo wando a sa masa maɓalli, sai ta farke ɗinkin baya ta saki inci guda. Da abin saki ya ƙare, ta koma dasa ƙyalle a ƙarƙashin madaurin bel. Da wannan ma ya ƙi, sai ta riƙa sayo yadi irinsa sak, ta ɗinka sabo, ta wanke shi sau uku har ya koɗe, ta cire 'yar lambar tsohon ta ɗinka a jiki. In an zo awo ta dafe lambar tef da babban yatsa ta ce, "Talatin da huɗu, yana nan." Shi kuma gogan ya fita yana hura hanci. Wandon kanti kuwa ta haramta masa tun yana ƙarami, wai abin kunya ne ga jikan tela. Ita ke ɗinka masa, ita ke manna lambar.

To, ga inda wayon ya kai ta. In ta rubuta masa shaidar, ya bar kulob, aiki ya tafi, wataƙila har da abin da ya fi aiki. In ta faɗi gaskiya, ta tona wa kanta asiri a gaban wannan ja'irin da ba ya mantuwa. Sai ta maƙala tabarau, ta jawo takardar mai sheƙi, ko Allah zai sa ta lallaɓa shi ya shiga ba tare da ta sha kunya ba.

"Bari dai mu ga abin da suke yaudarar mutane da shi. Tsari na ɗaya, na ganye. Safe ganye, rana ganye, yamma ruwan ganye. Kai, wannan naka ne. In kafa maka turke a bayan gida, in rataya maka ƙararrawa."

"Ke ya dace da shi. Ba ya buƙatar haƙori."

"Na biyu, nama da ƙwai zalla. Ba shinkafa, ba burodi, ba sukari."

"Ba shinkafa? To a kan me naman zai zauna?"

"A kan tumbinka, ai akwai fili. Na uku, na agogo. Ba ka sa komai a baki sai sha biyun rana, ƙarfe shida ka rufe."

Tsinke ya ɗan yi lissafi da yatsu. "Awa shida. Ai ta ishe ni."

"Ta ishe ka cinye unguwa har da masu gadi. Na huɗu, na ƙaramin faranti. Ka ci abin da ka saba, amma rabin farantin ganye ne, kuma kullum ka taka da ƙafa na rabin awa."

"Ƙaramin farantin sau nawa?"

"Ba su rubuta ba. Ba su san da irinka a duniya ba." Ta sassauta murya. "Zaɓi ɗaya mana, maigida, ko don ka ba su kunya. Ka rame ka je ka nuna musu."

"In rame in je ina? Mai talatin da huɗu in ya rame ai iska ce za ta ɗauke shi. Tashi ki auna ni, kada ki cinye min rana da surutu."

Ba yadda ta iya. Ta zare tef daga wuyanta. Shi kuma ya miƙe, amma sai da ya dafa gwiwa ya yi nishi tukuna.

"Riƙe nan," ta ce, ta manna masa kan tef ɗin a cibiya. "Bari in zagayo. In ka ga ban dawo ba ka sa a nemo ni."

"Ki tafi da guzuri."

Ta zagayo. Da ta haɗa bakin tef, kunnenta ya zo daidai ƙirjinsa, ta ji numfashinsa na fita da ƙyar, daga tashi tsaye kawai. Ta dubi ƙafafunsa, ta ga yadda suka cika takalmi har suka zubo. Babban yatsanta ya riga ya tafi kan lambar da kansa, don ya saba. Ta daɗe tana kallon yatsan a wurin, sannan ta ɗauke shi.

"Arba'in da shida."

"Sa tabarau."

"Yana idona."

"To cire shi."

"Duba da kanka."

Tsinke ya sunkuyar da kai, ya karkata hagu, ya karkata dama. "Ba na hango wurin."

"Ai maganar ke nan."

"Sun saye ki! Wallahi malamar nan ta riga ni zuwa. Da me ta saye ki, man zafi?"

Kaka ta durƙusa ta jawo wata tsohuwar jaka daga ƙarƙashin teburin yanka, ta zaro wando ruwan toka, a goge, a ninke, ta ɗaga masa.

"Na wane yaro ne wannan?"

"Naka ne. Shi ka sa ranar da ka fara aiki. Ga talatin da huɗu na gaskiya. Gwada mu gani, ko da ƙafa ɗaya ce."

Ya karɓa ya kara a jikinsa. Wandon ya tsaya a tsakiyar cikinsa kamar an shanya hankici a kan buhu. Nan ta kwashe komai ta faɗa masa, da sakin ɗinkin, da dasa ƙyallen, da wankin sau uku, da babban yatsan. Tsinke ya koma kan benci daɓas, ya ɗora hannu a ka.

"Innalillahi! Shekara tara ina cin abincin 'yar damfara! Ni da nake yi wa direbobi gorin tumbi a gareji! Ashe shi ya sa in na fara suke kallon juna. Tsohuwa, kin san me na ce wa malamar nan? Cewa na yi ta zo ta koyi awo wurin kakata!"

"Ta zo mana. Ina ɗaukar ɗalibai."

"Ina tafe ina cewa kujerar bas ce suka matsar, riga kuma wanki ne ya cinye ta. Har makaniki na zaga!"

"Ka ba shi haƙuri, ka ce daga sama aka samu matsala."

"Me ya sa kika yi min haka?"

"Ka taɓa ganin telan da ya gaya wa mai kaya gaskiyar ƙugunsa ya sake ganinsa?"

Bai yi dariya ba. Ya zuba mata ido kawai, wandon na hannunsa. Kaka ta koma ta zauna, ta shiga naɗe tef a yatsa tana warwarewa.

"Na sha wuya kafin ka yi nama, Tsinke. Da cokalin shayi na rayar da kai. Duk incin da ka ƙara, ni murna nake. Ranar da ka fara shigo min rai a ɓace wai wando ya matse ka, ka ture abinci, na ce ba a gidana ba." Ta share hawaye da gefen mayafi. "Ubanka ma haka na yi masa. Talatin da shida nake ce masa har ranar da ya yanke jiki ya faɗi a wurin aiki. Da na zo ninke kayansa na sa tef a wandon, arba'in da takwas. Ni na ɗinka shi da hannuna. Ba na son in sake ninke wandon kowa. Tsoro nake ji."

Tsinke ya daɗe yana kallon ƙasa. Can ya miƙa hannu ya ɗauki fom ɗin, ya zaro biro daga aljihun gaba, ya ɗora takardar a cinya.

"Wanne kika ce, na akuya ko na agogo?"

"Na ƙaramin faranti. Shi ne zan iya sa wa ido."

"Ke? Ai ke ce za a sa wa ido." Ya yi ɗan zane a gaban na huɗu. "Yauwa, ga ma wurinki. Sun ce mai dafa wa mutum abinci ya sa hannu. An rubuta: na yi alkawari ba zan ƙara masa a ɓoye ba, ba zan ce ɗan taɓa ka ji gishiri ba, ba zan kuma taɓa masa wando ba."

"Ƙarya kake, wannan da bakinka ka ƙara."

"A gidanku na koya. Sa hannu, ɓarauniyar inci. Gobe kuma ki raka ni, ki tsaya gaban malamar nan da jama'arta ki faɗi abin da kika aikata. Ba ni kaɗai zan sha kunyar ba."

"Matakala nawa ne zuwa saman?"

"Ashirin da biyu."

"Sai dai ka goya ni. Ka ga ka fara motsa jikin ke nan."

"In goya ki mu gangaro tare, a ce ango ya kashe amarya?"

Dariya ta ƙwace wa Kaka, hawayen da ba su gama bushewa ba suka ƙara zubowa. Ta karɓi biron ta sa hannu. "Na ji, na yarda, ni ce mai laifi. Ka ci nasara a wannan. Tsaya, kada ka tafi hannu sake."

Ta sake laluba jakar har ƙasa, ta fito da wani baƙin bel a nannaɗe, kansa na ƙarfe ya dushe don tsufa.

"Na kakanka ne. Shi talatin da huɗunsa na halal ne, ban taɓa taimaka masa ba. Ranar da kan nan ya haɗu da wutsiyarsa a ƙugunka, na yarda na aure ka."

Tsinke ya miƙe, ya zagaya bel ɗin, ya haɗiye ciki har idanunsa suka firfito. Tsakanin kai da wutsiya akwai wurin da kyanwa za ta kwanta ta yi miƙa.

"Saura kaɗan," ya ce da ƙyar.

"Ƙwarai kuwa. Saki numfashin kada ka fashe min a ɗaki."

Ya saki, ya fashe da dariya, ya rataya bel ɗin a kafaɗa, ya kwashi takardunsa. Har ya kai ƙofa ya karkace zai fita, sai ya waiwayo.

"To in wata ukun ya cika bai haɗu ba fa? Ba ɗan abin da za ki yi?"

Kaka ta mayar da ƙafa kan keken.

"Fata ce, maigida. Kekena ba ya ɗinka fata."