Ranar da Na Goge Zanen Hajja da Sanfefa

Ba zan taɓa mantawa da gaisuwar Sallar da na kai gidan surukaina a Gashuwa ba, ko yanzu na tuna sai na ji zufa ta karyo mini.

Ni mutum ne mai tara tsoffin rediyo. Ɗakina a Nguru cike yake da su, wasu na samo a gidajen tsoffin ma'aikatan jirgin ƙasa, wasu a hannun 'yan gwangwan. Ina gyara su, ina goge su, sannan in cika baki a kansu (matata Yagana takan ce ko maganar miya aka fara, sai na ƙarasa ta da batir).

To mahaifinta, Baba Bukar, yana da wata rediyo mai gidan katako wadda ta girme ni. Yanar ido ta rufe masa gani, don haka ita ce abokiyar hirarsa tun bayan rasuwar Hajja, mahaifiyar Yagana. Ana saura kwanaki Sallah, sai rediyon ta yi shiru. Ni kuwa sabon suruki, ina neman inda zan nuna kaina, na aika aka ɗoro mini ita a mota.

Matsalar ba ta taka kara ta karya ba, waya ce ta tsinke, na haɗa ta da dalma ta kama magana. Da a nan na tsaya da na tsira da mutuncina. Amma ina! Na dubi gabanta, ba gilashi, allurar neman tasha a waje tsirara. A ƙarƙashinta kuma duk an zazzane katakon da wuƙa. Na ce a raina yara sun yi ɓarna. Na ɗauko sanfefa na goge shi sumul, na shafe shi da mai, na sa aka yanko sabon gilashi na ɗaure. Ko Yagana ban nuna wa ba, wai ni mai bazata.

Washegarin Sallah muka bi ta Jajimaji, rediyo a cinyata naɗe da sabon tawul. Muka tarar da zaure cike da dattawan unguwa. Na durƙusa na gaishe su, sannan na kware tawul ɗin. Aka yi ta "Masha Allah!" Wani dattijo ya ce, "Wushe, sannu da aiki, yaro. Kamar yau aka fito da ita daga kanti." Ni kuma sai sunkuyar da kai nake irin na mai kunya, alhali kaina ya kumbura ya kusa taɓa rufin zaure.

Baba ya karɓe ta ya kunna. Ya kai yatsa inda allura take, ya ci karo da gilashi. Ya saukar da yatsan kan katako, ya shafa daga wannan gefe zuwa wancan, ya sake dawowa.

"Ɗana," in ji shi, "ina zanen?"

"Na goge shi tas, Baba," na faɗa da ƙarfina (wallahi har da murmushi). "Ɓarnar yara ce."

Baba ya girgiza kai.

"Ba yara ba ne. Hajja ce. Da idona ya fara tafiya ita ta cire gilashin, ta zauna da wuƙar yankan kuɓewarta ta yi mini alama. Na farko labaran safe, na biyu tafsiri. Mai zurfin nan na ƙarshe shirin gaishe-gaishe ne, nata ne, tare muke ji."

Bai ɗaga murya ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ɗaga kai na hango Yagana a bakin ƙofa, ta rufe baki da mayafi. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki sun haɗu mini haka ba.

A gaban dattawan nan na zaro sukundireba daga aljihu na kwance gilashin da na yi ta alfahari da shi. Da yamma na aro wuƙa a cikin gida, na zauna gefen tabarmarsa. Ina murɗawa yana saurara, in ya ce "nan," sai in zana. Da muka gama ya bi alamun da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a na ƙarshe.

"Zai yi," ya ce. "Amma ita hannunta ya fi naka taushi."

Har yau a gidan nan Mai Sanfefa ake kirana, jikoki ma ba su san ina da wani suna ba. Ni kuwa duk rediyon da aka kawo mini, kafin in taɓa ko ƙwarzane ɗaya sai na tambaya wa ya yi shi.