Farfesa Gilhooly da Talotalon Kirsimeti

Duk faɗin garin Sligo babu kai irin na Fintan Gilhooly. Shi ya gaya mana, kuma mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana tallar inshora ba zai yi ƙarya ba. Mu 'yan kartar mashayar Breege, ni da sauran waɗanda makaranta ta gaji da su da wuri, Farfesa muke ce masa. Yana amsawa har da gyara wuyan riga.

Mu muna buga kartar caca ta foka ne da sa'a da ƙarfin hali. Shi da ilimi yake bugawa.

"Yara," in ji shi, "kafin ka biya, auna abin da za ka zuba da tulin da ke tsakiyar tebur. Sannan ka ƙirga katunan da za su cece ka. Wanda bai yi haka ba sadaka ya zo rabawa."

Kullum shi ke rabon sadakar, amma ya ce lissafi sai an daɗe yake nuna kansa. Shekara tara muna jira.

Shi ya kawo mana dokar manyan gidajen karta: katin da mai shi ya tashi ya bari ba a danne ba, ya mutu. Da ita ya kashe wa tsoho Eamon katin sarki guda biyu ranar da ya zaga bayan gida. Nasa katin kuwa da lambar tagullar da aka ba shi ran ritaya yake dannewa.

Lahadin ƙarshe kafin Kirsimeti aka yi gasar karta ta cin talotalo bayan an taso coci. Tun da sati biyu Farfesa ya hana matarsa Nuala yin odar talotalo wajen mahauci, alhali uwarta za ta zo musu biki.

"Wane mahauci? Tsuntsun nan nawa ne, a firjin Breege kawai yake kwana."

Allah da ikonsa, ya kai zagayen ƙarshe. Saura shi da Malachy mai tumaki, wanda in ya ƙirga garkensa sau biyu amsa biyu yake samu. Rabin kwandalolin wasan Farfesa da ɗoriya suna tsakiya, saura kati ɗaya a buɗe. Malachy ya tura dubu biyu yana hamma, tuli ya zama dubu takwas.

Farfesa ya yi gyaran murya, ya miƙe tsaye.

"Ku matso ku ƙaru. Zan zuba biyu in ci takwas, wato in ci sau ɗaya cikin biyar ban faɗi ba. Kati ɗaya mai zanen zuciya nake nema, tara suka rage cikin arba'in da shida. Ɗaya cikin biyar ke nan, saura ƙiris. To a biya ne, ko a ƙara a razana shi? Nan ake gane malami."

"Fintan, tumakina ba su ci ba," in ji Malachy.

"Tumaki ba su san kaso ba."

Ya ɗauke lambar tagullar daga kan katinsa, ya taka har gaban allon da ake rubuta miyar ranar, yana ƙwanƙwasa shi da ita. Ya goge miyar albasa ya zana tara bisa arba'in da shida. Dympna mai rabon kati ta dubi kujera ba kowa, ta dubi kati ba danni, ta share su cikin matattu.

Ya dawo fuska na sheƙi. "Na yanke hukunci. Zan biya."

"Da wane katin?" in ji Dympna.

"Doka ce, Farfesa," in ji tsoho Eamon daga lungu, a hankali, kamar mai shan zuma.

Don neman magana na roƙi Dympna ta buɗe katin ƙarshe mu gani. Zuciya ce, ja wur. Malachy ya buɗe nasa: bakwai da biyu, ba abin da suka haɗa. Ya ce shi dai gajiya ya yi.

Rabo biyu bayan nan kwandalolin Farfesa suka ƙare. Malachy ya saɓa talotalo ya fita, mahauci kuwa ya rufe karɓar oda tun Juma'a.

Nuala ce ta ba Breege labarin ranar biki. Kifin gwangwani da dankali aka jera, Farfesa na kan tebur yana yi wa surukarsa bayani cewa a lissafi, cikin Kirsimeti biyar irin wannan, talotalo zai zo a ɗaya.

Tsohuwar ta ture farantin. "To ka kira ni a ɗayar."