Yadda Za Ka Tsare Nasabar Wiwin Kakanka Daga Iskar Maƙwabta

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya halicci tsirrai mace da namiji, Ya hore iska ta zama 'yar aike tsakaninsu. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta.

Bayan haka, ya kai mai noman wiwin igiya, wanda ba ya sa maye, ga tafarkin da Hamdija na gaɓar kogin Sava ya bi domin hukumar iri ta rubuta irin gonarsu da sunan kakansa. Sharaɗinta ɗaya ne: tsirran su fito kamanni ɗaya. Duk wanda ya bi matakan nan, babu shakka zai sami abin da Hamdija ya samu.

Mataki na 1: Hana cakuɗa. Tumɓuke mazan gonar kafin su yi fure, ka bar guda ɗaya mai kamun kai. Hamdija ya zaɓi wanda ya fi sunkuyar da kai, domin masana sun ce sunkuyawa alamar tarbiyya ce.

Mataki na 2: Suturta matan. Garin furen namiji iska yake bi, iska kuwa ba ta sallama. Hamdija ya kwance labulen tagogin gidansa kaf ya lulluɓe tsirransa. Matarsa Munevera ta ce tun da aka kawo ta bai taɓa kishinta haka ba, ga shi yanzu duk mai wucewa yana ƙirga lomarsu.

Mataki na 3: Gargaɗi maƙwabci. Bayan shingensa akwai gonar tsohuwa Zejna, mazan wiwinta dogaye, marasa asali. Ya roƙe ta ta tsawata musu. Ta ce, "Maƙwabci, mijina ma ban iya tsare shi ba har ya koma ga Allah, sai ciyawa?" Ta zuba masa gahawa ta uku, wadda ake ba baƙo don ya nemi takalminsa.

Mataki na 4: Yi auren gida. Haɗa ɗan wa da 'yar ƙani, shekara bakwai, kana rubuta salsala. Kada ka damu in sun fara gajarta. Tawali'u ne.

Mataki na 5: Karɓi sakamako. Jami'in hukuma ya zo da ma'auni, ya shaida bai taɓa ganin kamanni ɗaya irin wannan ba: dukkansu iya gwiwa, rawaya, zarensu ba zai ɗaure kaza ba. Sai mace ɗaya da labulenta ya yage bara a jikin shingen Zejna, ita kam 'ya'yanta sun kere rufin rumbu. Ya ce hukuma ba ta rubuta iri mai mutuwa. In ana son sunan kaka ya rayu, sai ta tsatson dogayen nan.



Mataki na 6: Sauke kai. Bayan kwana uku Hamdija ya sa hular Juma'a, ya ɗauki gahawa da sukari, ya je nema wa tsirransa auren namijin wiwin Zejna. Ta saurare shi har ya dire, sannan ta ce, "Ka makara, suruki. Iska ta ɗaura tun bara. Zauna, barkar haihuwa ka zo."

Irin dai an rubuta shi da sunan kakanni biyu, na Zejna a gaba.

Ni mai wannan rubutu na barranta daga labulen da ya yage, da matar da ta yi yaji, da igiyar da ta tsinke da guga a rijiya. Allah Ya jiƙan kakan Hamdija da mijin Zejna, Ya yafe wa na biyun yawonsa. Kai kuma mai karatu, Allah Ya haɗa ka da maƙwabcin da iskarsa alheri ce. Amin.