Tukunyar Kaka Za Ta Hau Dandamali

"Lafiya lau muka wuni, sai dai ganin ka da tsakar ranar nan ba banza ba," in ji Kaka, ko ɗagowa ba ta yi daga waken da take tsincewa ba.

Jikanta, wanda kowa a gidan ke kira Ɗan Jita, yana tsaye a ƙofar kicin, jita rataye a baya, a hannunsa wata 'yar amfilifaya, sifikar ƙara sautin jita, da ba ta fi sabulun wanki girma ba. Yau da la'asar zai fara wasa da wata ƙungiyar makaɗa a ɗakin taro, kuma ogansu ya ce daga wasan yau ne zai san ko ya riƙe shi ko ya nemi wani. Bakinsa na gaisuwa, idonsa kuwa na kan ƙatuwar tukunyar da take zuba waken a ciki.

"Haba amaryata, miji ya shigo ko ruwa babu?"

"Wane mijin? Wanda ya je sayen sifika ya dawo da akwatin ashana? Maza na ɗauko tasu a bayan mota, kai ka sa taka a aljihu."

"Zamani ke nan, tsohuwa. Da batir take aiki, ko an ɗauke wuta ba ruwana. A kara mata makirufo, manyan sifikun ɗakin su kai wa jama'a."

"To je ka a kara mata. Me ka ajiye a kicin ɗina?"

Ɗan Jita ya sosa ƙeya, don nan maganar ta yi nauyi. Ranar da zai naɗi kiɗansa a waya ya tura wa oga, Kaka na barcin rana, sai ya kwantar da tukunyar ya cusa amfilifayar a ciki don kada ƙara ta tashe ta. Maimakon ta yi shiru, sai 'yar abar nan ta yi wata murya mai kauri, cikakkiya. Oga na ji ya ce ita yake so, kada a canza masa komai. Haka ya zayyana wa Kaka, yana magana yana kallon ƙasa.

Kaka ta saki farantin waken. "Ashe kai ne! Ni da na tashi na je na wanke maƙwabci tas a kan janareto, bawan Allah yana ta rantsuwa bai kunna ba!"

"Ai kin saba. Aro kawai nake so, kafin magariba na dawo miki da ita."

"Tukunyar da ta ciyar da ubanka har ya yi gemu? Uwarka ma sai ta nemi izini take taɓa marfinta."

"Wallahi in kika hana ni, yau sai na sake ki."

"Sake ni mana, in huta da mijin da ke sace min batirin tocila. Wa ma zai kwashe ka da wannan wuya kamar mariƙin lema?"

"Ke wa zai kwasa, haƙori uku a baki?"

"Su ukun sun fi ka aiki. Kaɗa min in ji abin da ake wa wannan kuri."

Ya jona wayar jitar, ya ajiye amfilifayar a ƙasa, ya kaɗa. Wani siririn sauti ya fito, kai ka ce sauro ne ya samu mura. Kaka ta yi dariya har da riƙe ciki. Shi kam bai yi ba, don tsoro ne ya kama shi sosai: in oga ya ji wannan, ko waƙa ɗaya ba zai bari ya ƙarasa ba.

Kaka ta dubi fuskarsa, dariyar ta ragu. Ta juye waken a kwano, ta turo tukunyar da ƙafa. "Sa mu ji ƙaryar."

Ya kwantar da ita, ya cusa amfilifayar, ya kaɗa. Kicin ya cika dam, cokulan da ke kan kanta suka hau rawa. Can sai ya ga kafaɗun Kaka ma sun bi sahu.

"Na kama ki! Rawa kike yi!"

"Sanyin ƙashi ne, marar kunya."

"Sanyin ƙashi mai bin kiɗa?"

Ta fashe da dariya, ta ɗaga hannu. "Ka ci, ka ci. Ɗauka, na ba ka."

Ya sungumi tukunya zai yi waje, ta cafko gefen rigarsa, ta danƙa masa soson ƙarfe.

"Ina za ka da ita haka? A haska ta da fitilu, jama'a su ga baƙin gindinta, su ce matarka ƙazama ce? Durƙusa ka goge. In za ta yi waƙa a gaban mutane, sai ta yi wanka tukuna."