Gadar Alhaji Bangamsu

Duk wanda zai lissafa mutanen da Allah ya yi wa ƙasar Zazzau kyauta da su a farkon mulkin kai, in ya tsallake Alhaji Uwaisu Ikara bai yi adalci ba. Shi ne wakilin da mutanen Ikara da Maƙarfi da Kudan suka haɗu suka tura majalisa a Kaduna, kuma shi da bakinsa ya sha faɗa cewa tunda aka kafa garuruwan nan uku ba su taɓa yin dabara irin wannan ba.

Da can dillalin mazarƙwaila ne. Ranar da aka rantsar da shi ya daina gane ƙanshinta. Ya sayi tabarau, ko da yake idonsa na hango kwabo a cikin yashi tun daga nesa. Ya sayi jan fensir dozin guda. Littafin kasafin kuɗin gwamnati kuwa, sai da ya sa baduku ya ɗinka masa gafaka ta jar fata. Da Turanci aka rubuta littafin, Turancin Alhaji kuma bai wuce na gaisuwa ba, amma yana gane lamba, kuma duk lambar da ta yi masa tsawo ta zama abokiyar gabarsa.

A majalisa babu ministan da ke zama da kwanciyar rai. Da mutum ya gama bayani, sai a ji ƙarar sitacin babbar riga, Alhaji ya miƙe, ya sauke tabarau kan hanci, ya ce, "Ya Shugaba, ban gamsu ba." Ya taɓa tsare wani minista awa guda a kan dalilin da ya sa shanun gwamnati suka ci dusa fiye da bara, alhali ba a ji sun ƙara ƙiba ba. Ya taɓa neman a kawo masa tsofaffin tsintsiyoyin wata ma'aikata ya gani da idonsa kafin a sayi sababbi. Masinjoji suka sa masa suna Bangamsu. Da ya ji, sai ya ɗauka sarauta ce, ya sa aka rubuta a bayan motarsa.

To, tsakanin Gazara, wani gari a mazaɓar Alhaji, da hanyar mota akwai wani rafi da ake kira Rafin Makauniya. Da rani ko akuya ba ta jiƙa kofato a cikinsa. Da damina kuwa sai ya raba mutane da duniya. Jakai su tsaya da kaya a gaɓa, mazarƙwaila ta narke a cikin buhu, mara lafiya ya yini a kan amukun da aka ɗauko shi a kai yana jiran ruwa ya janye. Malam Ja'afaru, malamin makarantar elementare ta garin, ya rubuta takardar neman gada har sau uku. Ta huɗun Sarkin Noma Mamuda ya ɗauko da kansa, shi da dattawa, suka faɗi suka yi gaisuwa a zauren Alhaji.

"Allah ya taimaki wakili, rafin nan ne dai."

"Ku bar mini," in ji Alhaji. Ya karɓi takardar ya tura ƙarƙashin buzu, ya jawo jarida ya nuna musu inda sunansa ya fito sau biyu a shafi ɗaya.

Sai dai Allah ya sa ɗaya daga takardun farko ta bi ta ofishin En'e har Kaduna, aka aiko mai awo ya auna, aka sa gadar a cikin kasafin shekara. Mai awo bai san sunan Rafin Makauniya ba. Abin da ya rubuta shi ne gada a mil talatin da ɗaya.

Ranar muhawara Alhaji ya kai jan fensir kan layin nan, ya sa na kusa da shi ya fassara masa, sai ransa ya yi fari. Ya miƙe.

"Ya Shugaba, ban gamsu ba. Gada a mil talatin da ɗaya. Wane gari ne mil talatin da ɗaya? Wa ya haife shi? Wa ke sarautarsa? Ni na zaga ƙasar nan da mota, ban taɓa jin wanda ya ce shi mutumin mil talatin da ɗaya ne ba. Daji ne, Ya Shugaba. Za a ɗebi gumin talakawana a yi wa birai gada. Ina raye ba za a yi ba."

Minista ya ɗaga hannu. "Ko mai girma wakili zai bari in faɗa masa inda..."

"Ban nemi labari ba. A soke."

Ministan nan shekara biyu yana shan tambayar tsintsiya. Ya dubi takardarsa, ya dubi Alhaji, ya yi murmushi, ya ce gwamnati ta karɓi shawarar mai girma wakili da hannu biyu. Nan take wani wakili daga lardi mai nisa, Malam Tukur, wanda bai cika magana ba, ya miƙe ya ce tunda haka ne, su suna da rafi mai suna. Aka mai da gadar can.

Alhaji ya ga irin wannan nasara ba ta ɓoyuwa, ya zaɓi ranar kasuwar Gazara don ya je ya ba da labari. Cikin watan Agusta ne. Mota ta tsaya a bakin rafi, wani ƙato ya goya shi, babbar riga a naɗe a ka, gafaka a hammata. A ƙarƙashin rimin kasuwa ya hau turmi ya kwashe yadda aka yi, har da kwaikwayon muryar minista.

Malam Ja'afaru ya matso a hankali. "Ranka ya daɗe, mil nawa ka ce?"

"Talatin da ɗaya. Ka rubuta, ka koya wa yara."

"Ranka ya daɗe, dutsen mil talatin da ɗaya shi ne wanda ka taka ka hau bayan mutumin da ya goya ka."

Har masu tuyar ƙosai suka dakata. Sarkin Noma Mamuda, wanda rakensa na kadada biyu ke gona yana jiran ranar da mota za ta iya tsallako rafi, ya zauna a ƙasa ya riƙe kai.

Amma babban mutum ba ya rasa ta cewa. Alhaji ya cire tabarau ya goge, ya ce wannan shi ne irin sakacin da yake yaƙi da shi, a rubuta lamba a bar suna, kuma da ya koma Kaduna sai wani ya yi bayani. Ya koma ɗin, ya yi tambayar. Aka karanto masa jawabinsa tun daga farko har birai.

Bayan shekara guda sai ga takardar gayyata daga mutanen Malam Tukur. An gama gada, kuma saboda su mutane ne masu sanin alheri, sun sa mata sunan wanda ya ba su ita. Alhaji ya tafi da makaɗa, ya yanke ƙyalle, aka ba shi rago, aka ɗauke shi hoto a tsakiyar gada ya ɗaga fensir sama. Ya sa aka yi wa hoton gilashi ya rataye a zaure.

Da damina ta zagayo, dattawan Gazara suka sake zuwa, wandunansu a jiƙe har cinya. Kafin su gama gaisuwa Alhaji ya nuna bango.

"Ku dubi aikin wakilinku. Mutanen da ban taɓa gani ba sun san darajata."

Mamuda ya daɗe yana kallon hoton. "Allah ya taimaki wakili, gada ta yi kyau. Ko za a ba mu aronta mu shimfiɗa a kan rafin?"

Alhaji ya yi ɗan tunani, ya ce ba zai yiwu ba, ruwa zai ɓata hoton.