Wuƙar Turabulus ta Ƙofar Atiku

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da kuwa na so in manta, da ranar da na tsaya a tsakiyar kasuwa ina koya wa mutane yadda ake gane wuƙa ta asali, ni da ban taɓa mallakar ko aska ba.

Lokacin Nasara ba su daɗe da zama a Sakkwato ba. Ni kuma saurayi ne ɗan ƙauye, na samu aikin ban ruwa a lambun wani Bature a bariki. Aikin ba wuya, amma ya raba ni da mutane. In na yi sallama a majalisa sai a amsa da rabin baki, a matsa mini wuri mai faɗi fiye da yadda nake bukata. Ɗakina yana wani zaure kusa da Ƙofar Atiku, ni kaɗai nake cin tuwona a ciki. Har na kan yi wa tulun ruwa hira, kuma shi ma ba ya amsawa.

Mahaifina Bawa yana cikin waɗanda suka yi hijira gabas da zuwan Nasara, ina yaro, bai kuma dawo ba. Abin da na fi tunawa da shi wata 'yar wuƙa ce mai naɗewa, ƙotarta ta ƙaho, da yake fiddowa daga aljihu ya fere mana rake. Kullum sai ya ce, "Wagga daga Turabulus taz zo, ta ƙetare hamada bisa raƙumi." A gindin bakinta akwai tambari, jinjirin wata da ɗigo uku. Ba ya bari in taɓa. Da ya tafi, da ita ya tafi.

To, ranar wata Juma'a bayan an sauko, ina ratsa kasuwa, sai na hango irinta sak a tabarmar wani dillalin tsofaffin kaya, tsakanin kwaɗunan ƙofa da linzami. Na ce a raina ko nawa ce sai na saye ta, in dai ta ainihi ce, don in samu wani abu na mahaifina a ɗakin nan. Dillalin ya ce tsohuwa ce, tun kafin Nasara. A gefensa wani tsoho yana zaune a kan buzu, yana jan carbi, bai ko ɗago ba.

Nan fa na ga dama ta samu. Na sha ganin Baturenmu in an kawo masa kayan da, yakan ɗaga su sama, ya rufe ido ɗaya, ya ce "hmm" ta hanci. Sai na yi haka nan. (Shi yana da madubin ƙara girma. Ni ido ne kawai, shi ma ɗayan na rufe.) Na buɗe ta, na rufe, na kara a kunne. Na shinshina. Mutane suka fara tsayawa, kuma wallahi daɗi ya kama ni, don tun da na zo garin ba a taɓa taruwa a saurare ni ba.

Na duba gindin bakin, babu tambari. Raina ya ɓaci, amma maimakon in ajiye in wuce, sai na ɗaga murya.

"Malam, wagga ba ta Turabulus ba ce. Ƙirar gida ce. Dubi sawun magagari nan. Wani maƙeri ne da bai iya ba yaz zauna shina kwaikwayo. Ko kaihi ba ta da shi."

Don in nuna musu rashin kaifin, na naɗe hannun riga na goga ta a damtsena, yadda ake gwada aska. Ta ɗebe gashin, ta haɗa da fata. Jini ya biyo gwiwar hannuna yana ɗiga a tabarmar mutane. Wani ya ce "Assha," wani ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Ni kuwa, da yake Allah ya yi ni da taurin kai, na danne ciwon na ci gaba da bayani, cewa ni na san ta gaskiya, a gidanmu na tashi na gan ta, tana da jinjirin wata da ɗigo uku.

Sai tsohon nan ya daina jan carbi.

"Ɗana, jinjirin wata da ɗigo uku kac ce?"

"I, Baba."

"Kai ɗan Bawa ne? Mai wushirya, mai jaki da yankakken kunne?"

Shekara nawa ban ji wani ya ambaci sunan nan ba.

Ya ce, "Ni niƙ ƙera mishi ita. Ni ne maƙerin da bai iya ba. Wagga da ka riƙe ƙanwarta ce, wuta guda munka hura musu." Ya ce mahaifina ya zo maƙerarsa yana son ta Turabulus, ƙarfinsa bai kai ba, sai ya roƙe shi ya yi mata wata alama ta ƙasar waje. Shi kuma ya duba murfin wata kwalbar turare ya kwaikwaya. "Cewa yay yi shina da ɗa namiji, in ya girma shi ba shi abin taƙama."

Kasuwa ta fashe da dariya. Tsohon bai yi ba. Ya yago bakin rawaninsa ya miƙo mini in ɗaure hannu, ya ce in zo maƙera a bayan ganuwa mu yi hira, akwai labarin Bawa da yawa a bakinsa. Na ajiye wuƙar a hankali kamar ƙwai, na ce "To, Baba," na fita da sauri, har na bar takalmina ɗaya a wurin.

Ban je ba. Wannan shi ne abin da ya fi yankan ciwo. A duk faɗin Sakkwato mutum ɗaya ne ya san mahaifina, ni kuma na zage shi a gaban jama'a. Kullum in na tashi aiki sai in ce gobe. Na canza hanya, ina zagaye mai nisa don kada in bi ta kasuwa a ce ga Masanin Turabulus nan (sunan ya bi ni har bariki, kuku ma da shi yake kirana). Damina ta zo ta wuce ina jiran kunyar ta huce.

Da kaka na yi ta maza na tafi, da goro a aljihu. Na tarar da wani magidanci a bakin zugazugi, ashe babban ɗansa ne. Ya ce Baba ya rasu tun ana noma na biyu. Na tsaya riƙe da goron ban san inda zan sa shi ba. Ya dube ni, ya dubi tabon da ke damtsena, ya shiga ciki ya fito da wani ƙullin tsumma.

"Ya ce in ɗan Bawa yaz zo a ba shi. Ya yi ta tambaya ko ka zo."

Wuƙar nan ta kasuwa ce, ashe ya karɓo ta daga hannun dillalin. A gindin bakinta an sassaƙa jinjirin wata da ɗigo uku, sabo fil, layin yana ɗan karkacewa irin na hannun da ya fara rawa.

Tana aljihuna har yau. Na koyi duba wanda ke zaune a gefen tabarma kafin in buɗe baki, na kuma koyi cewa tsoho ba ya jiran kunyar saurayi ta gama hucewa. Labaran Bawa dai sun tafi da mai su, ko ɗaya ban ji ba. In jikokina suka tambaye ni daga ina wuƙar ta zo, nakan ce daga Turabulus, bisa raƙumi, kuma ba na bari su taɓa.